Sati shida da jaka ɗaya: daga Nima zuwa Kano, Alƙahira da Makka

Lahadi, 5 ga Oktoba 2025

Yau dai na yanke shawara, tafiyar nan da ke gabana da jaka ɗaya zan yi ta, wadda zan shiga cikin jirgi da ita a bayana, babu akwatin da zan miƙa ma kowa a kanta. Tafiyar kuma ba ƙarama bace, sati shida ne in Allah ya yarda. Daga nan unguwar Nima a Accra zuwa Kano bikin ɗan kawuna, daga Kano in wuce Alƙahira wajen ƙanina da yake karatu a Azhar, shekara huɗu kenan rabon da in sa shi a ido, daga can sai Madina da Makka in yi umara, sannan gida.

Abun da ya kawo wannan tunanin shi ne abun da ya same ni a 2023. Na sauka garin mutane akwatina bai sauka ba, na tsaya gaban bel ɗin nan yana ta zagayawa har kowa ya watse aka kashe shi, kuma maganin hawan jinina na ciki, cajata na ciki, saƙonnin mutane har guda biyar na ciki. Kwana tara nayi ina buga waya kafin ya iso da zif a fashe. A nan ne na san cewa a yarjejeniyar Montreal ta 1999 sai kaya sun yi kwana 21 ba a gansu ba sannan ake lissafa su cikin waɗanda suka ɓata, kafin nan sunansu kayan da suka makara, sai dai kayi ta haƙuri. Abun da yafi ci min rai ma ba kayana bane, masu saƙo ne da suka dinga kirana kamar ni na ɓoye.

Na duba ƙa'idar kamfanonin jirage. Ethiopian da Emirates kilo 7 suke bari a ƙaramin tikiti, Turkish kilo 8, girman jaka kuma wajen santimita 55 a tsaye, 40 a faɗi, 23 a kauri, wasu sun ɗan fi haka matsewa. Tunda jirage daban daban zan hau, mafi ƙanƙantar zan bi. Kilo 7.

Asabar, 11 ga Oktoba

Naje Kantamanto neman jaka, da tef ɗin awo da na aro wajen telanmu a aljihu. Kasuwar ta tashi sosai bayan gobarar farkon Janairu, rumfuna sababbi da katako sabo, amma in ka zauna da masu kaya kowa da labarin asarar da yayi.

Da farko ƙaramin akwati mai taya nake so, sai na ɗaga wani naji nauyi tun babu komai a ciki, muka ɗora a sikeli kusan kilo 3. Wato taya da ƙarfen ja sun cinye kusan rabin abun da aka baka tun baka sa ko singileti ba. Na haƙura da shi. Na samu jakar goyo baƙa, gwanjo ce amma zif ɗinta lafiya lau, tana buɗewa gaba ɗaya kamar akwati ba irin wadda sai ka zura hannu kana lalube ba, nauyinta gram 900. Na auna tsayi 52, faɗi 34. Mai jakar yana ta kallona ina awo yace shi tunda yake bai taɓa ganin mai sayen jaka da tef ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Awon farko, kilo 11.4. Sikelin rataye na aro wajen wani mai nama a kasuwar Nima, na ɗaura shi a ƙusar ƙofar ɗaki.

Na zazzage komai kan tabarma na zauna ina kallo. Kaftani biyar, jallabiya biyu, wandon jins, babbar riga ta shadda da 'yar ciki da wando, takalmi sau ciki da silifas, tawul babba, harami, darduma, kwamfuta da cajarta. Babbar rigar nan ita kaɗai da sitacinta da aikinta ta haura kilo ɗaya da rabi, harami falle biyu sun kusa kilo da rabi, kwamfuta da caja kilo 2. Su ukun nan na fara cirewa.

Harami ne ya ɗan ɗaure min kai har sai da na zauna da malaminmu bayan magariba. Wanda zai sauka Jidda kai tsaye da niyyar umara dole haraminsa na jikinsa ko a hannunsa, saboda jirgi zai ƙetare miƙati a sama, kuma nasan mutanen da suka sa nasu a akwati suka shiga damuwa a cikin jirgi. Amma ni ta Madina zan shiga, miƙatin mutanen Madina kuma Zul Hulaifa ne wanda ake ce ma Abyar Ali, nan bakin gari, toh me zai sa in goya harami daga Nima zuwa Kano zuwa Masar alhali a ƙofar masallacin Annabi ana sayarwa. Malam yace daidai ne. Kwamfuta kuwa lissafin shago ne kawai nake yi da ita, waya zata iya.

Abun da na bari: kaftani uku marasa nauyi, jallabiya ɗaya, singileti da gajeren wando huɗu huɗu, safa ƙafa biyu, hula biyu, ƙaramin tawul, darduma irin ta aljihu. Daga yau har ranar tafiya da waɗannan kaɗai zan rayu a gida, in wanke da dare in shanya, in ga ko zasu riƙe ni. Uwargida tace ita dai zata zuba ido.

Asabar, 25 ga Oktoba

Sati ɗaya da gwajin wanki. Kaftanin da yadinsa ke da santsi yana bushewa kafin asuba, na auduga mai kauri kuwa har azahar da sauran danshi a wuya da aljihu, na canza shi. Dabarar da tafi min aiki ita ce in matse riga sannan in naɗe ta cikin tawul in taka da ƙafa, rabin ruwan sai ya koma tawul.

Sai maganar abubuwa masu ruwa. Tun 2006 ƙa'idar take, duk abu mai ruwa ko mai maiƙo da zai shiga cikin jirgi kada mazubinsa ya wuce mililita 100, duka kuma su shiga 'yar leda fara ɗaya mai cin lita guda. Mazubin ake dubawa, ko da kwalba babba ce da ɗan kaɗan a gindinta karɓewa za a yi. Sabulun salo na yanko guntu na bari ya sha iska ya bushe, shi ne wanka shi ne wanki. Man kaɗe na ɗiba a ɗan gwangwani tunda hunturu zan tarar a Kano. Asuwaki guda uku, ƙaramin man goge baki, turare 'yar kwalba mai mililita 6. Reza da almakashi basu cikin tafiyar.

Fawabank ɗina 20,000mAh ne, in aka lissafa ya kama wajen 74Wh, ƙa'ida kuma har 100Wh ba sai ka nemi izini ba, kuma shi dama a hannu ake so ka riƙe shi, ba a yarda ya shiga akwatin ƙasan jirgi ba saboda batirin na iya kamawa da wuta. Magani na kwana 50 na karɓo, na barshi cikin kwalinsa da takardar likita, domin Masar da Saudiyya basa wasa da maganar ƙwayoyi. Katin allurar shawara yana cikin fasfo, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya tace allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ta sanƙarau da ake nema don umara nayi ta ranar Talata.

Ƙanina ya turo saƙon murya daga Alƙahira, yace yaya don Allah ko me zaka manta kada ka manta shito. Shito kuwa, soyayyen yajin nan namu na Ghana, mai ne tsundum, ba zai wuce ba. Na gaya ma Mma mahaifiyarmu, tace toh a daka masa kayan haɗin a bushe, barkono da citta da garin busasshen kifi da na jatan lande, ya soya da kansa a can, ai ya sha tsayawa a kanta tana yi.

Awo: kilo 7.6.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Wannan satin ne mai wuya, kuma ba daga jaka wuyar ta fito ba.

Labari ya zaga unguwa cewa zan je Kano da Makka. Mu a zango in mutum zai yi tafiya ai ba shi kaɗai zai yi ba, kowa yana da ɗa ko 'ya ko ƙanwa a wani gari, kuma haka muka taso muka gani, ba a jin nauyin cewa ga ɗan saƙo. Daga Litinin zuwa jiya mutum bakwai suka zo. Na yi ma kowa bayani, wasu suka fahimta, wasu suka ce toh Allah ya kiyaye hanya da muryar da kasan ba a ji daɗi ba.

Na Goggo ne ya tsaya min a rai. Ƙanwar babanmu ce, daga Mamobi ta tako da ƙafarta da yamma, jikanta na biye da ƙunshi a ka an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Ta zauna tace ɗan nan ashe Kano zaka shi ne sai a bakin mutane zan ji. Nace Goggo wallahi ina nan tafe in yi miki sallama. Tace toh ga ɗan saƙo ka kai ma 'yar uwarka a Fagge, ba nauyi. Na ɗaga naji, na rataya a sikeli a gabanta, kilo 4 da ɗoriya. Nace Goggo kiyi haƙuri me ke ciki, tace au ni zaka bincika. Nan jikina yayi sanyi. Na durƙusa na mata bayani cewa a filin jirgi tambayar farko da ake yi ita ce kai ka haɗa kayanka, wani ya baka wani abu, kuma ni daga Kano ƙasashen Larabawa zan wuce inda a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, ba ita nake zargi ba, ƙa'ida ce na ɗora ma kaina ko Mma ce ta bani abu a rufe sai na buɗe. Ta sa yaron ya yanke salatif ɗin. Atamfar GTP turmi ɗaya, shito kwalba biyu, cakulan Golden Tree, da garin koko.

Nace zan saya mata atamfa a Kantin Kwari in na isa, tace in atamfar Kwari take so ai da kuɗi zata tura. Gaskiyarta ne. Ƙarshe dai na karɓi kayan, jiya na kai tashar motocin Legas na biya da kuɗina a kai, daga can a sa a motar Kano. Cakulan guda biyu na cire na sa a jakata don in miƙa ma 'yarta hannu da hannu. Goggo ta tafi bata ce komai ba, ko rakiyar da na mata har bakin titi bata juyo ba.

Da dare Mma ta kira ni ɗakinta tace kai da baka ɗaukar kayan mutane, in ka dawo me zaka sa ma mutane a hannu, ko haka zaka shigo unguwa daga Makka hannu na dukan cinya. Nace Mma ai ke kike cewa zumunci a ƙafa yake, ƙafar ce zan kai. Tayi shiru can tace ƙafa da hannu tare suke tafiya. Har yanzu ina juya maganar nan.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Awon ƙarshe kilo 6.9, da kayan shiton ƙanina rabin kilo a ciki da goro ashirin da Mma ta naɗe a ganye ta yayyafa ma ruwa saboda Kawu. Takalmi sau ciki da kaftani mafi nauyi a jikina zasu tafi, waya da fawabank da fasfo a aljihu. Gobe da safe in sha Allah.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, Kano

Alhamdulillahi mun sauka. Daga Nima zuwa filin jirgin Kotoka ba nisa, tasi ɗaya na tare a bakin titi ban nemi mai buɗe but ba. A tamina ta 3 aka ɗora jakar a sikeli aka manna mata 'yar takarda shikenan. Wajen bincike na fito da ledar ruwan na ajiye daban, ko buɗe jakar ba a yi ba.

Inda na ga amfanin abun sosai Legas ne. Awa ɗaya ce tsakanin Accra da Legas, amma a Murtala Muhammed sai ka fita daga ɓangaren ƙasashen waje ka nemi mota zuwa na cikin gida, kuma tsakanin jiragena biyu awa uku ne ba cika. Ana buga min hatimi na fice, waɗanda muka zo tare suna can bakin bel. Wani dattijo da matarsa da muka yi hira a jirgi, su ma Kano zasu, ban gansu a jirgin Kano ba.

Ɗan kawuna da yazo ɗaukata a filin jirgin Malam Aminu Kano ya karɓi jakar ya tsaya yana leƙen bayana, yace yaya ina sauran kayan.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An ɗaura aure jiya bayan Juma'a, Allah ya basu zaman lafiya. Babbar riga ta babban ɗan Kawu na ara, tsayinmu ɗaya, ya fito min da guda uku yace in zaɓa. Da na goyo tawa daga Accra awa huɗu kawai zata yi a jikina sannan in yi sati biyar ina yawo da ita.

Goron nan kuwa yayi abun da akwati guda ba zai yi ba. Na kai ma Kawu da daddare, ya warware ganyen a hankali ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya sunsuna, yace goron Gwanja. Daga nan hira ta ɓalle har wajen sha biyu. Yace kakansa da ayari ya dinga zuwa Salaga, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi na rini da fatu, a dawo da goron da aka kawo daga dajin Asante, tafiyar watanni ana sauka zango zango, kuma sunan unguwanninmu na can daga nan ya samo asali. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ne fatake suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu har Ankara kamar yadda shi yake kiran Accra har yau. Ƙanin kakan nasa yana cikin waɗanda basu dawo ba, ta nan muka fito. Yace su sun yi watanni da kaya niƙi niƙi kai ka zo a yini ɗaya da 'yar jaka kamar ɗan makaranta, amma dai goron ya iso. Ya raba ma matan gida ɗaya ɗaya ya ɓoye sauran ƙarƙashin matashi.

Naje Fagge na kai ma 'yar Goggo cakulan. Kayan mota sun rigani isowa da kwana biyu, kwalbar shito ɗaya ta ɗan tsiyaya amma atamfa lafiya. Na sa ta kira Goggo a gabana.

Wanki a Kano daɗi, iskar hunturu ta fara, riga na bushewa cikin awa biyu. Man kaɗe dai ya kusa rabi, leɓe da dunduniya sai tsagewa.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Gobe Alƙahira. Abun da na guda a Nima shi na tarar a nan ta ɗaya gefen, kowa so yake ya bani abu. Inna matar Kawu ta haɗa min kilishi da dambun nama da kuka da daddawa da turaren wuta a jaka irin wadda suke ce ma Ghana mas go, har tana tsokanata wai jakarku ce. Babanmu da irinta ya dawo daga Legas a 1983 lokacin da aka kori baƙi, yana bamu labarin har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Na zauna da Inna na nuna mata jakata da sikelin gidan. Na ɗauki kilishi daidai gurbin da goro da cakulan suka bari, da hula zanna guda biyu, ɗaya ta ƙanina. Sauran tace zata ba wata mai zuwa Accra saro kaya a ƙarshen wata. Duk da haka awo ya nuna 7.8, dole na bar kaftani ɗaya ma ɗan kawuna da silifas, na cusa kilishin a aljihun riga.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, Alƙahira

Nan ne nayi kuskure. Na lissafa zafin Makka da hunturun Kano ban lissafa sanyin Masar ba. Da rana ba laifi, amma da dare da asuba sanyi ne mai shiga ƙashi, ɗakin su ƙanina kuma tayil ne ba abun ɗumama ɗaki. Daren farko da kaftani biyu a jikina na kwana da bargon aro. Wanki kuma ya daina bushewa, singiletin da na shanya da dare har la'asar ɗin gobe da danshi, kuma kaftani biyu kacal suka rage min da jallabiya. Kwana biyu na saka rigar ƙanina. Shekaranjiya muka je kasuwar Ataba na sayi rigar sanyi mara nauyi da safa mai kauri, zan dinga sa ta a jiki ranar hawa jirgi. Da tun a Kantamanto na nemi irinta da na samu da araha.

Kan caja ma bai shiga ba. Ghana da Najeriya da Saudiyya soket mai baki uku ne, Masar mai baki biyu zagayayye, sai da na ari na wani ɗalibi ɗan Tamale.

Amma daren Litinin ba zan manta shi ba. Ƙanina ya zuba mai a tukunya ya yanka albasa ya barta tayi ja, ya juye garin da Mma ta daka yana juyawa a hankali wuta ƙasa ƙasa kusan awa guda har ya koma baƙi, ƙamshi ya cika benen gaba ɗaya. Kafin a sauke ɗalibai 'yan Ghana takwas sun hallara, daga Aboabo, daga Asawase, daga Madina Zongo, wani ya dafa shinkafa da wake, aka zauna a ƙasa aka ci da hannu ba mai magana. Ƙanina ya ɗago ido jajur yace yaya kamar Mma na ɗakin nan. Garin rabin kilo ya cika kwalba uku.

Jiya ya kaini masallacin Azhar, wanda aka gina tun zamanin Faɗimiyawa sama da shekara dubu, muka yi azahar a ciki muka ratsa Khan al-Khalili. Ban sayi komai ba sai 'yan zobban azurfa guda biyu na uwargida da 'yata, sun shige aljihun fasfo.

Juma'a, 5 ga Disamba, Madina

Tun Talata nake nan. Bana son yawan magana akan jaka a garin nan. Abun da zan rubuta kawai shi ne daga filin jirgi ko masauki ban fara nema ba, na wuce masallaci da jakata a baya na yi sallama ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan na nemi ɗaki. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk na samu, daren jiya na shiga.

Na sayi harami da bel da silifas a shagunan gefen masallaci. Rigar sanyin Ataba tana aiki da asuba.

Laraba, 10 ga Disamba, Makka

Umara ta kammala ranar Litinin da dare, Allah ya karɓa. Na yi wanka na ɗaura harami a masauki, tasi ya kaini Abyar Ali na yi nafila na ɗauki niyya, sannan tashar jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna. Duk kayana na jiki sun koma jaka ta kumbura, amma a jirgin ƙasa wannan ba komai bane. Ɗawafi bakwai, sa'ayi bakwai tsakanin Safa da Marwa, na fita wajen masu aski aka min ƙwal.

A masauki ɗaki ɗaya muke da wasu bayin Allah uku daga Kumasi, akwatunansu sun cika tsakar ɗaki har sai an tsallaka, kullum bayan isha suna kasuwa, kullum suna lissafin kilo. Bana ganin laifinsu ko kaɗan, kowanne da jerin sunaye a waya na mutanen da suke jira, kuma nima jerin nan yana kaina tun maganar Mma. Ɗaya daga cikinsu, dattijo ne, yace Alhaji kai ka huta. Nace Baba ban sani ba ko hutu ne, sai na koma gida tukun.

Talata, 16 ga Disamba

Na karya ƙa'idata da hannuna kuma da sanina. Zamzam ba zai shiga cikin jirgi a hannu ba, ruwa ne, hanyarsa ɗaya ita ce jarkar lita 5 da ake sayarwa a rufe cikin kwalinta a filin jirgin Jidda, a miƙa ta a kanta ta bi ƙasan jirgi. Na daɗe ina tunani a harami jiya bayan la'asar, na tuna Mma na tuna Goggo, naga babu yadda za a yi in shiga Nima daga Makka babu Zamzam saboda wata ƙa'ida da ni na ƙirƙiro ta. Na saya na rubuta sunana da lambar waya a kwalin ta kowane gefe. In ta makara ta makara, magani da fasfo da kayana suna bayana.

Cikin jaka kuma na yi gurbi. Harami na wanke na ba wani ma'aikacin masauki, silifas da ƙaramin tawul da ragowar sabulu na bari, kilishi da kayan shito dama sun tafi. Gurbin ya ɗauki dabino ajwa kilo ɗaya, carbi dozin biyu marasa nauyi, turare 'yan ƙananan kwalabe masu mililita 3 guda goma sha biyu da suka shige ledar ruwa daidai, da kwalli na Mma. Awo a kanta 7.0, rigar sanyi a jikina cikin zafin Jidda.

Juma'a, 19 ga Disamba, Nima

Na iso shekaranjiya ta Addis Ababa. A Kotoka na tsaya bakin bel a karon farko cikin tafiyar nan gaba ɗaya, minti arba'in, gabana na faɗuwa, sai ga kwalin ya fito gefe ɗaya ya ɗan lotse amma bai zuba ba.

Tun jiya gida cike yake da masu barka da zuwa. Mma ce ta karɓi rabon, ta zauna a tabarma da jarkar a gabanta da ƙananan kofuna, kowa kurɓi ɗaya da dabino biyu, manya a ƙara musu carbi ko turare. Dabinon ya ƙare tun jiya da magariba, mutum huɗu na ƙarshe Zamzam kawai suka samu, Mma ta kalle ni ban ce komai ba.

Na zazzage jakar na duba abun da ban taɓa ba tun tafiyata: hula ɗaya da safa ƙafa ɗaya. Zif ɗin gefe ya fara buɗewa zan kai ma mai gyara a kasuwa gobe in na je mayar da sikelin mai nama.

Goggo bata zo jiya ba. Yau bayan Juma'a na cika 'yar gora da Zamzam, na ɗauki dabino bakwai da na ɓoye tun a Jidda da carbi mafi kyau, na taka zuwa Mamobi. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa. Ta karɓa ta buɗe gorar ta fuskanci gabas ta sha, ta shafa sauran a ido da gwiwa, tace 'yarta ta ɗinka atamfar har ta turo hoto, sannan ta ƙwala ma jikanta kira ya kawo min kujera.